Na ajiye kaki, ga shi littafi na neman kayar da ni

Direban Kwamba:
Assalamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ina karanta maganganunku ban taɓa tofa tawa ba, yau dai tura ta kai bango. Shekarata 39. A Zariya aka haife ni, cacar biza ce ta kawo ni Amurka a 2009, na shiga soja a 2011. Direban manyan motoci ne ni, na yi wata tara a Afganistan ina jan kaya cikin kwamba, na fito a 2019 da takardar sallama mai kyau. Daga nan na ja tirela shekara huɗu har bayana ya ce ya gaji.

Bara na shiga wata kwaleji ta shekara biyu a nan Ohayo da kuɗin GI Bill, tallafin karatu da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, da niyyar in karanta aikin jinya. Wannan ne semesta na uku. Lissafi ya kayar da ni sau ɗaya, yanzu ma yana shirin maimaitawa. Rabona da x da y tun ajin ƙarshe na sakandare, shekara ashirin ke nan. Yaran ajinmu sa'annin 'yar yayana ne. Malami na rubutu suna latsa waya, kuma a haka suke cin jarrabawa, ni da nake zuwa tun saura minti goma sha biyar ina kwashe komai a littafi, 48 na samu. Kullum kujerar baya nake zama, inda nake ganin ƙofa. Ran nan gorar ruwa ta ƙarfe ta suɓuce wa wata yarinya ta faɗi a ƙasa, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Suka yi dariya, ni ma na taya su, amma har aka tashi ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Ga kuɗin haya da GI Bill ɗin ke biya. A Disamba ko rabi bai kai ba abin da ya shigo, na Janairu ma guntu ne, mai gida kuwa bai san wani abu wai shi hutun makaranta ba. Na yanke shawarar ranar Litinin zan shiga shafin makaranta in janye daga duk darussan, in koma kan hanya. Matata ba ta sani ba. In akwai wanda ya taɓa bin wannan hanya, ya ce mini wani abu.

Baba Alhaji Mai Shago:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni gaskiya zan faɗa maka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kana da iyali, kana da lasin tirela, mutum nawa ne a nan ke neman abin da kake da shi a hannu? Yaron da ke kawo mini kaya daga Niyu Jazi ko sakandare bai gama ba, bana ya sayi gida. Ka koma sana'arka, ka tara wa yara, su sa yi karatun.

Anti Nas:
Baba Alhaji, da girmanka, ai mu ma mun ji ana cewa gemu ba ya hana ilimi. Kuma ya ce bayansa ne ya sauke shi daga tirelar. Ya koma da wane bayan?

Saja Ɗan Zango:
Ɗan uwa, cire hannunka daga wannan maballi tukuna. Ni ɗan Kumasi ne, ina Buronks a Niyu Yok, na yi shekara goma a soja, sau biyu ina zuwa Iraƙi, na gama digiri a 2021 ina da shekara 41. Abin da kake shirin yi ranar Litinin na taɓa yin irinsa, na sha wuya, saboda haka ka saurare ni.

In ka janye a tsakiyar semesta, ba tafiyarka kawai za ka yi ba, bashi ne zai bi ka. VA, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, ta riga ta biya makaranta kuɗin darussan, ta kuma biya ka kuɗin haya a kan cewa kana aji. Ka janye ba tare da uzurin da suka yarda da shi ba, sai su lissafa abin nan su ce a mayar. Na makaranta za su karɓa daga makaranta, makaranta ta juyo kanka. Na haya kuwa kai tsaye takarda za ta zo gidanka. Sauƙi ɗaya ne a ciki: karon farko da mutum ya janye, ana yafe masa har kiredit shida (ma'aunin nauyin darasi) ba tare da an tambaye shi dalili ba. Sau ɗaya ne tak a rayuwa. Kai kuma duka kake son zubarwa, wato 12 ko 13.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ka zauna har ƙarshe ka faɗi, aka rubuta maka F, ba a karɓar ko sisi daga wurinka, kuma za su sake biyan darasin in wajibi ne a kwas ɗinka. A wajensu wanda ya tsaya aka kayar da shi ya fi wanda ya gudu. Wannan dai kai ka san irin tunanin.

Maganar Disamba kuma haka abin yake, ba kuskure aka yi maka ba. Tun 2011 aka daina biyan kuɗin haya a lokacin hutu. Kwanakin da kake aji kawai ake lissafawa, kuma sai wata ya ƙare ake biyan na watan. Ni sai da na riƙa cire dala ɗari biyu kowane wata ina ɓoyewa saboda Disamba da Janairu da damina.

Anti Nas:
Saja, nan fa ba mu tare. Ka ba shi lissafin VA, ba ka ba shi lissafin makarantar jinya ba. Shekara 14 ina wannan aiki. Shiga sashen jinya gasa ce, maki ake dubawa, kuma wurare da yawa suna ƙirga sau nawa ka maimaita darasi. F biyu a lissafi ɗaya na iya rufe masa ƙofar gaba ɗaya. In ya tabbata ba zai haye ba, gara ya janye daga lissafin kaɗai, ya ci moriyar yafiyar kiredit shidan da ka faɗa, ya riƙe sauran.

Saja Ɗan Zango:
Kin yi gaskiya Anti, ni kasuwanci na karanta, ba a yi mana wannan tankaɗe ba. Sai dai ya sani in ya sauko daga kiredit 12 zuwa 8, kuɗin hayar zai koma kashi 70 cikin ɗari. In ya kai rabi ko ƙasa da haka, babu ko kwabo. Shi ya sa nake cewa kada ya yanke wannan hukunci shi kaɗai da tsakar dare. A kowace makaranta akwai ma'aikacin da ke tura wa VA bayanan ɗalibai tsofaffin soja. Wurinsa zai fara zuwa.

Direban Kwamba:
Wallahi ban san da maganar bashin nan ba. Na ɗauka na ajiye ke nan. Mutumin da kake faɗa sau ɗaya na gan shi, ranar da na kai masa DD-214 ɗina, takardar sallamata daga soja.

Bamaraɗe a Girinsboro:
Ni shawarata ka koma karatu ta intanet. Ba yara, ba hayaniya, ba kujerar baya. Akwai wata jami'a da ke kirana kusan kullum, sun ce suna son sojoji, suna karɓar horon soja a matsayin kiredit, wata 18 ka gama.

Maman Hanan:
Innalillahi. Yaya, toshe lambar nan yau ɗin nan. Irin wannan kiran ne ya cinye wa maigidana wata 20 cikin 36 da GI Bill ke biya masa. Sun yi ta lallashinsa kamar masu neman aure, ya sa hannu, da ya zo komawa jami'ar jiha aka ce kiredit ɗinsu ba ya aiki a can. Ba soja suke so ba, kuɗin da ke bayansa suke so. Da can doka ta ce makarantar kasuwa ba za ta samu fiye da kashi 90 na kuɗinta daga tallafin ɗalibai na gwamnati ba, amma ba a lissafa GI Bill a cikin 90 ɗin. To kowane soja da suka kamo yana cike musu gurbin kashi 10. Sai a 2021 majalisa ta toshe wannan kafa. Kun manta Corinthian da ta rufe a 2015, da ITT Tech a 2016? Dubban tsofaffin sojoji suka wayi gari ba makaranta ba takarda.

Kuma wanda ke karatu ta intanet zalla rabin matsakaicin kuɗin haya na ƙasa ake ba shi, ba na garinsu ba. Sannan wa ya taɓa koyon sa allura ta kwamfuta?

Bamaraɗe a Girinsboro:
Af. To ni ma an cece ni ke nan, saura ƙiris in tura musu takarduna. Amma batun horon soja fa, ba a lissafawa?

Saja Ɗan Zango:
Ana lissafawa a takarda. Akwai JST, inda aka jera duk horon da ka yi da adadin kiredit ɗin da aka ba da shawarar a ba ka. Shawara ce kawai, makaranta ce ke da wuƙa da nama. Ni an ba ni 24, amma shida kaɗai suka shiga cikin digirina, sauran aka tara su a matsayin darussan zaɓi da ba na buƙata. Na jagoranci mutum tara a wurin da ake harbi, aka ce dole in zauna ajin koyon aiki da jama'a.

Ɗan Gaskiya:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, Musulmi ya ɗauki makami ya je ƙasar Musulmi, ya dawo yana kukan ba ya barci. Wa ya aike ka? Abin da mutum ya shuka.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Gaskiya, gargaɗi na farko kuma na ƙarshe. Mutum ya zo da damuwarsa, ba shari'a ya kawo ba. In kana son muhawarar yaƙin, buɗe naka zaren.

Direban Kwamba:
A'a shugaba, ƙyale shi, kada ka goge. Gara da ya faɗa, don shi ne rabin ciwon. A masallacinmu mutum uku kaɗai suka san na yi soja, kuma ɗaya daga cikinsu tun ranar da ya ji bai sake ba ni hannu da fara'a ba. A makaranta akwai ɗakin tsofaffin sojoji, har da kofi kyauta. Sau biyu na je bakin ƙofar na juya. Na leƙa na ga Turawa da tutoci, na ce in na shiga da wannan suna da wannan harshe me za a gani? A aji kuma, semesta da ya wuce ana darasin rubutu aka ɗauko zancen yaƙi, malama ta juyo ta ce in gaya musu yadda sojoji ke ji. Kamar ni ne kakakinsu. Da aka tashi wani yaro ya biyo ni har wajen mota yana murmushi, wai na taɓa kashe mutum?

Ban kashe kowa ba. Ruwa da mai da abinci na ja. Amma motar da ke gabana ta taka abin da ta taka, kuma ni ne na fara isa wurin. To wa zan gaya wa wannan? Liman, ko yaron nan?

A barikin soja ban taɓa tashi ban san abin da zan yi ba. An san inda nake, in ban fito ba za a zo a buga ƙofa. A nan in na yi sati ban je aji ba, ba wanda zai lura.

Kofur Mai Ritaya, Kaduna:
Gaisuwa daga gida. Wani ɗan uwana da ke can ne ya saka ni a zauren. Da na fara karantawa na ce waɗannan kukan daɗi suke yi: a biya maka makaranta, a biya haya, a ba ka har dala dubu ta littattafai a shekara, ka ce za ka gudu? Ni na yi shekara 13 a sojan Najeriya, huɗu a ciki a Borno. Yanzu gadi nake yi da dare, da rana ina karatu a NOUN, jami'ar karatu daga gida, kuma duk kwabon da ke zuwa makaranta daga aljihuna yake fita. Abokan aikina da suka bi ta cibiyar Oshodi kafin ritaya sana'a aka koya musu, kiwon kaji, ɗinki, haɗa sabulu. Ba laifi ba ne, amma wanda zuciyarsa ke kan digiri shi da Allahnsa.

Amma da na iso inda ka ce kujerar baya, sai jikina ya yi sanyi. Ranar jarrabawarmu ta farko wani babur ya yi tusa a bakin titi, na sami kaina a ƙarƙashin teburin kwamfuta. Mai sa ido ya ɗauka satar amsa nake. Ashe ciwon iri ɗaya ne, dala ba ta maganinsa.

Malam Na Ƙofar Gabas:
Allah Ya ba ku lafiya duka. Wannan firgita da rashin barci, a riƙe azkar na safe da yamma, da Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Mu kiyayi ɗaukar kowace damuwa mu kai wa likitan ƙwaƙwalwa da bai san Allah ba, ya ɗora mutum a kan ƙwaya.

Anti Nas:
Allah Ya gafarta Malam, azkar ba wanda ya ce a bari. Amma da ƙafarsa ce ta karye, da tofi kawai za mu ce a yi? Ku kuka karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Abin nan yana da suna, PTSD, kuma maganinsa na farko ma ba ƙwaya ba ce, zama ne da wanda ya san aikin. Akwai wuraren da ake kira Vet Center, daban suke da babban asibitin VA, kyauta ne ga wanda ya je fagen daga, har iyali suna gani, kuma da yawan ma'aikatansu tsofaffin sojoji ne. In dare ya yi tsanani, kira 988 sai ka danna 1.

Sannan makaranta tana da ofishin masu buƙata ta musamman. Da takardar likita za a iya ba ka ƙarin lokaci a jarrabawa da ɗaki mara hayaniya. Ina zargin 48 ɗin nan ba duka laifin x da y ba ne. Mutumin da rabin hankalinsa ke gadin ƙofa, da rabin ƙwaƙwalwa yake lissafi.

Malam Na Ƙofar Gabas:
Ban hana neman magani ba, Hajiya. A dai haɗa biyun.

Saja Ɗan Zango:
Direba, ɗakin nan da kake juyawa a bakin ƙofarsa, ni shekara guda na yi ina wuce namu. Ranar da na shiga, ruwan sama ne ya kora ni. Wani tsohon sojan ruwa mai zane har wuya ya tambaye ni rundunata, na faɗa, shi ke nan, aka miƙo mini kujera. Daga baya a bayan kabad ɗinsu nake Azahar, shi ne ma yake cewa masu surutu su rage murya. Ban ce duka haka suke ba, akwai wanda har na gama ba ma gaisawa. Amma a can na ji duk abin da nake gaya maka yanzu, ba a ofis ba.

Tambaya: VA ta ba ka kason nakasa a kan ciwon bayan nan?

Direban Kwamba:
Kashi 30.

Saja Ɗan Zango:
To kana zaune a kan wata rijiya ba ka sani ba. Nemi shirin VR&E, wanda ake kira babi na 31. Daga kashi 10 ake iya nema. An yi shi ne don wanda ciwon da ya samo a soja ya hana shi sana'arsa, kai kuwa ga tirela ta gagare ka. In suka karɓe ka, yana iya kaiwa wata 48, da littattafai da kayan aiki. Sai dai za su tambaye ka yadda mai ciwon baya zai ɗaga marar lafiya, ka shirya amsa. Kuma ko a GI Bill ɗin akwai har dala 100 a wata ta mai koya maka darasi a gefe. Wata 36 ɗin nan shekara huɗu ce ta karatu cif, ba rara, kowane darasi da ka maimaita daga ciki ake yanka.

Malamin Tarihi:
Ku ba ni minti ɗaya. Dokar GI Bill ta farko shugaba Roosevelt ya sa mata hannu a Yunin 1944, kuma zuwa 1947 kusan rabin masu shiga jami'o'in Amurka tsofaffin sojoji ne, da matansu da goyo. Baƙaƙen fata na kudu kuwa takardar suka samu, jami'o'in jihohinsu ba su buɗe musu ƙofa ba. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a lokaci guda, ko takardar ba su gani ba. A Ankara ta Gana, 28 ga Fabrairun 1948, da suka yi tattaki neman haƙƙinsu, harbi aka yi, mutum uku suka faɗi.

Saja Ɗan Zango:
Kakana yana cikin 'yan Bama. Gadi ya yi a kanti har ya rasu.

Maman Hanan:
Duk kun yi maganar fom da kiredit, ba wanda ya taɓo layin ƙarshe na saƙonsa. Yaya, ka gaya wa matarka. Nawa sai da ya yi wata biyu yana fita da jaka kowace safiya yana zama a mota a wajen ajiye motoci na wani kanti, ni ina ta yi masa addu'ar jarrabawa. Ba faɗuwar ce ta ƙona mini rai ba.

Baba Alhaji Mai Shago:
Ni har yanzu ina kan bakana, tirela ta fi. Amma tunda baya ya ƙi, Allah Ya ba da sa'a. In haya ta matse kafin wata ya ƙare, ka yi mini magana ta gefe, ba a zaure ba.

Direban Kwamba:
Salam. Yau Litinin, na dawo da rahoto. Ban danna ba. Na je wurin mutumin takardun, ya buga lissafi a gabana, da na janye duka da bashin ya fi abin da nake samu a wata biyu. Ya kai ni da kansa wurin mai ba da shawara ta sashen jinya. Ta ce ina da sauran sati uku kafin a rufe damar janyewa, in rubuta gwaji na gaba, in bai kai 70 ba in ajiye lissafin kaɗai in sake shi da damina. Na cike fom ɗin babi na 31. Vet Center ban kira ba tukuna, lambar tana cikin wayata, kada Anti ta cinye ni. Ɗakin kofi na kai bakin ƙofa, yau ma na juya.

Matata kuwa, na yi ta kame-kame bayan Isha'i, ta bar ni na gama, sannan ta tashi ta ɗauko takardar 48 ɗin daga cikin jakarta. Wai tun sati biyu ta tsince ta a ƙarƙashin kujerar mota.

Bamaraɗe a Girinsboro:
Lissafin wane iri ne? Ni na koyar da shi shekara uku a Maraɗi kafin in zo, da Faransanci dai, amma x ɗin ɗaya ne. In kana so Talata da Alhamis ta Zoom, ƙarfe takwas na dare.

Saja Ɗan Zango:
Zan shiga in riƙa kiran suna. Wanda ya makara ya sani.

Kofur Mai Ritaya, Kaduna:
Takwas ɗinku biyun dare ne a nan, ina bakin get a lokacin, idona biyu. Ni ma ina da lissafi a wannan zangon. A turo mini hanyar shiga, sai dai in kun ji na ɓace, data ce ta ƙare.